Yadda ake haɗa matatar ruwan sha mai aiki da ƙarfin hannu, wadda keke zai iya ɗauka

Duk wanda ya yi damina ɗaya a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Damazin zuwa Mai Wurno har Sinnar, ya san yadda ruwa ke komawa daga watan Yuli. Kogin yakan taho da lakar tsaunukan Habasha, jajawur, ka ɗebo a bokiti ka tsoma hannu, ba ka ganin yatsunka. A kwanakin zaman lafiya tashar ruwa ce ke ɗauke mana wannan wahala. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wuta ta zama sai wanda ya gani, tashoshi da dama suka tsaya, jama'a suka koma kogi da tur'a (magudanar noman rani) da hafir (tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama) da ruwan masu karo (amalanken jaki). A watan Agustan 2024 hukumomin lafiya suka sanar da ɓarkewar kwalara, Kasala da Gadarif suna cikin wuraren da ta fara yi wa ɓarna, kuma duk garuruwa ne da 'yan'uwanmu ke da yawa.

Sana'ata gyaran famfo, abin da ake ce wa sabbak a nan. Abin da zan bayyana na'ura ce da ba ta neman wuta, ba ta neman fetur, mutum ɗaya zai ɗaure ta a bayan keke ya bi iyalinsa duk inda tafiya ta kai su. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 da salka suka ratso sahel har suka iso nan. Mu ma yau da yawanmu a hanya muke, to ya kamata abin tace ruwanmu ya zama mai tafiya tare da mu.

Amma tun daga farko a gane abu ɗaya, don shi ne kan maganar. Famfon da za mu haɗa ba ya tsarkake ruwa, turawa kawai yake yi. Tsarkakewa aikin matakai huɗu ne da ke bin juna: a kwantar da laka, a tace, a sa kulorin, a adana a rufe. Kowane ɗaya yana toshe ƙofar da ɗan'uwansa ya bari a buɗe. Na ga mutanen da suka kashe kuɗi a kan matata mai tsada suka tsallake sauran ukun, cikin sati biyu matatar ta toshe, yaran kuma ba su daina zawo ba.

Fara da lissafin gidanka

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ƙidaya bakunan da ke gidan. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa lita 15 ga kowane mutum a rana domin sha da girki da tsafta, mafi ƙaranci a halin ƙunci kuma lita 7 da rabi. Gida mai mutum takwas ke nan yana bukatar aƙalla lita 60, wato jarka uku ta lita 20. Wannan shi ne aikin da na'urar za ta yi kullum. A lokacin zafin Afrilu da Mayu ka ƙara, don kowa ya san yadda randa ke ƙarewa kafin la'asar.

Na biyu nauyi. Ka sa wa kanka doka cewa na'urar, ba ruwa a cikinta, kada ta wuce kilo 10. Idan ta wuce haka, ranar da aka ce a tashi, ita za a fara bari.

Na uku shi ne wanda matasa suka fi yi mini gardama a kansa. Da yawa suna son a haɗa famfon da fedar keke, mutum na tuƙi ruwa na fita. Abin yana da kyaun gani, amma ga lissafi. Tura lita 2 a minti ɗaya a matsin ba (bar, ma'aunin matsi) ɗaya da rabi yana cin kusan wat 5 ne kacal. Ba ɗaya shi ne nauyin ruwan da ya kai tsayin mita 10. Mutum mai lafiya a kan feda yana ba da wat 50 zuwa 75 na tsawon lokaci ba tare da ya galabaita ba. Ƙafa ke nan ta ninka abin da ake bukata sau goma, kuma ƙarfin da ya wuce kima fasa matata yake yi. Ga ƙarin sarƙa da bel da giya, kowanne abin lalacewa ne a inda babu kanikawa. Shawarata, keke ya tsaya a matsayin abin ɗauka, hannu ya yi aikin famfo.

Abin da ke cikin ruwan

Ba za ka zaɓi rariya ba sai ka san girman abin da kake son ta tare. Ana auna waɗannan halittu da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin da ke zama a hanji irin su jiyadiya sukan kai maikiron 8 zuwa 12, kiriftosiforidiyom kuma 4 zuwa 6. Bakteriyar kwalara faɗinta wajen rabin maikiron ne. Bairos kuwa, irin wanda ke kawo ciwon hanta nau'in E da ke sa shawara, mai tsanani ga mata masu ciki, ƙanƙantarsa ta kai wajen maikiron 0.03.

To ga inda matakan ke rufa wa juna asiri. Matata mai ƙofofin maikiron 0.1 ko 0.2 tana tare bakteriya da manyan ƙwayoyin, amma bairos yana ratsa ta. Kulorin yana kashe bairos da bakteriya, amma kiriftosiforidiyom ba ya jin sa. Kulorin kuma ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, don lakar tana shanye shi, ƙwayoyin cuta kuma suna ɓuya a cikinta. Matata ita ma laka ce ajalinta. Shi ya sa komai daga laka yake farawa.

Mataki na farko: kwantar da laka

Wannan ilimin iyayenmu mata ne, ba na kanti ba. A Sudan ana ce wa zogale shajarat ar-rawwak, wato itacen da ke washe ruwa, domin matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna amfani da 'ya'yansa. Wata mai bincike, Samia Al Azharia Jahn, ta bi diddigin wannan al'ada a nan ƙasar tun shekarun 1970, kuma aikinta na cikin abin da ya sa duniya ta san amfanin zogale wajen gyaran ruwa.

Ka samu 'ya'yan zogale da suka bushe a jikin bishiya, ka ɓare ɓawon, ka daka farin ƙwayar ta zama gari mai laushi. Ga ruwan damina mai kauri, ƙwaya ɗaya ga kowace lita, wato 20 ga jarka. Idan ruwan bai yi duhu sosai ba, rabin haka ya isa. Kada ka barbaɗa garin kai tsaye. Ka zuba shi a ƙaramar kwalba da ɗan ruwa mai tsabta, ka girgiza kamar minti ɗaya, ka tace da ƙyalle cikin bokitin. Sannan ka juya da ƙarfi na minti ɗaya, ka koma juyawa a hankali na minti biyar zuwa goma. Wannan juyawar ta hankali ita ce sirrin, a nan ne ƙurar lakar ke manne wa juna tana zama gudaji. Daga nan ka rufe, ka bar shi awa ɗaya zuwa biyu, kada kowa ya taɓa.

Ranar da na fara gwadawa na juya sau uku na tsaya. Inna tana zaune a tabarma tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ɗan nan, ba koko kake damawa ba. Sassauta hannu, ka yi ta yi har ka ga ya fara tsinkewa." Na ce, "To Inna." Da na bi maganarta, sai ga ƙananan gudaji kamar audugar rimi suna yawo, suna sauka ƙasa, saman ruwan yana washewa har na hango gindin bokiti.

In babu zogale, alam yana yi, wanda wasunmu ke ce wa alif, Larabawa kuma shabb. Kaɗan ake sawa, wajen giram ɗaya a jarka, abin da bai cika kwatan ƙaramin cokali ba. Yawansa yana sa ruwa ɗanɗanon tsami da bauri. Tunda ruwan tur'a dabam, na hafir dabam, ka gwada da kofunan gilashi uku: wannan kaɗan, wannan matsakaici, wannan da yawa. Wanda ya fi saurin washewa da mafi ƙarancin magani, shi ne awonka.

Wajen ɗiban ruwan kuwa, ka shimfiɗa tsohon mayafi na auduga, ninki huɗu, a bakin bokiti. A Bangaladash an gwada tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu a ƙauyuka, sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi. Tsohon zane ya fi sabo, don zarensa ya saki ya cike ƙofofin. Kuma kada ka shiga cikin tur'a da ƙafa. Magudanan Jazira sun yi suna da tsargiya, tsutsarta ta fata take shiga. Ka ɗaura igiya a guga ka ɗebo daga tudu, ka hana yara ma shiga.

Ruwan da aka kwantar da zogale ba ya son kwana. Abin da ya rage na garin a ciki abinci ne ga bakteriya, don haka a tace shi a ranar.

Haɗa famfon

Duk kayan nan ana samun su wajen masu sayar da kayan famfo. Kana bukatar bututun roba mai kauri, irin na ruwan matsi, ba siririn na magudanar wanka ba, tsawon santimita 40, faɗin cikinsa wajen milimita 32. Ka tafi da abin awo ka auna cikin da kanka, don lambar da ke rubuce a jiki yawanci ta waje ce. Sai bawul biyu masu barin ruwa ya wuce ta hanya ɗaya, na rabin inci, mahaɗa mai baki uku guda biyu, sandar ƙarfe mai zare wadda ba ta tsatsa, noti da wasa (zoben ƙarfe mai huda a tsakiya), tiyo mai haske mita uku, maɗauran tiyo, farin tef na zare, gam ɗin bututu, agogon auna matsi mai kaiwa ba 4, da katako mai tsawon hannu guda.

Dalilin milimita 32 shi ne wannan. Fuskar fiston ɗin za ta kai kusan santimita murabba'i 8. A matsin ba ɗaya da rabi, nauyin da hannunka zai danna kilo 12 ne, abin da mace ko yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya idan ya jingina jikinsa. Idan ka ɗauki mai milimita 50 don ka yi sauri, nauyin zai haura zuwa kusan kilo 30, sai ƙato. Da janye fiston santimita 25, kowane bugu yana tura kusan mililita 200, bugu 100 ke nan a cika jarka.

Ka tsayar da bututun a tsaye. A ƙasansa ka manna mahaɗa mai baki uku ta hanyar abin rage faɗi. A bakin hagu ka ɗaura bawul ɗin shiga, kibiyar da ke jikinsa tana nuna wajen bututun. A bakin dama ka ɗaura bawul ɗin fita, kibiyarsa tana nuna waje. Ka duba kibiyoyin nan sau biyu kafin ka matse, rabin famfunan da ake kawo mini wai sun ƙi aiki, bawul ne aka juya. Kowane zare ka naɗa masa farin tef zagaye takwas zuwa goma, ta ɓangaren da ake murɗawa.

Fiston shi ne wurin da ke son haƙuri. Ka yanka faifai biyu daga sabon silifa, su fi cikin bututun faɗi da ɗan kaɗan, ka huda tsakiya, ka zura a sandar, wasa a sama, wasa a tsakani, wasa a ƙasa, ka matse da noti biyu don kada su kwance. Sai ka riƙa goge gefen da takardar yashi kana gwadawa, har ya shiga da ɗan tauri amma yana zamewa idan ya jiƙe. Idan akwai baduku kusa, ya yi maka kofi biyu na fata, a haɗa su baya da baya, ɗaya na tsotsa ɗaya na turawa. Fata ta fi silifa daɗewa, sai dai a jiƙa ta kafin aiki. Ko kusa kada ka shafa giris ko baƙin mai. Ruwan kansa ya ishe shi santsi.

A saman bututun ka sa murfi mai huda a tsakiya inda sandar za ta bi, da wata 'yar huda a gefe don iska ta riƙa fita. Wannan murfin kada ka sa masa gam, za ka bukaci buɗewa. A kan sandar ka ɗaura guntun icce a gicciye ya zama mariƙi, kamar famfon ba keke iska. Ka kafe komai a kan katakon da maɗauran ƙarfe, ka bar wurin taka ƙafa a gefe biyu.

Gwajin farko ba ya bukatar matata. Ka sa tiyon shiga a bokiti, ka buga. Idan ruwa ya fito, toshe bakin fita da babban yatsa ka danna mariƙin. Idan ya yi tauri ya ƙi sauka, fiston ya kama. Idan ya sulale ƙasa, ruwa na tsallake shi, sai ka sake yanka faifan.

Bayan bawul ɗin fita sai mahaɗa ta biyu. A bakinta na sama za ka kifa kwalbar lemo ta roba, irin ta lemo mai gas, lita ɗaya da rabi, bakinta ƙasa, ka huda murfinta ka ɗaura shi da kan tiyo da roba mai hana yoyo. Iskar da ta maƙale a ciki tana matsewa idan ka danna, tana sakin ruwan a hankali lokacin da kake janye fiston. Ba tare da ita ba ruwan zai riƙa dukan matata kamar guduma, bugu bayan bugu. Kwalbar lemo mai gas an yi ta ne don ta ɗauki matsi, ta ruwan sha zalla ba ta kai ta ƙarfi ba. Ka naɗe ta da tsumma, ka kare ta daga rana, ka canza ta da zarar ka ga ta yi fari-fari ko ta karce. Agogon matsi a nan kusa da ita za ka ɗaura shi, inda idon mai bugawa zai riƙa gani.

Mataki na biyu: jera matatun

Gidan matata mai inci 10, irin wanda ake maƙalawa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, shi ne ya fi sauƙin samu, kuma cikinsa iri ɗaya ne a ko'ina. Biyu sun isa. A na farko ka sa farar matata mai maikiron 5. Ita ce mai arha, ita za ta ɗauki sauran dattin da zogale ya bari, ta kare mai tsadar da ke bayanta. Ka nemi gida mai haske don ka ga lokacin da ta yi ja.

A na biyu ka sa zuciyar na'urar. Zaɓi biyu ne. Akwai matata mai siraran zaruruwa masu rami a ciki, kamar taliya, wadda ƙofofinta ke maikiron 0.1 ko ƙasa da haka. Tana da sauri, ba ta da nauyi. Akwai kuma kyandir na yumɓu, wato matata mai siffar kyandir, wanda ya fi ta jinkiri, amma ana iya kankare shi a ci gaba da amfani da shi wata da watanni. Ga mai zama wuri ɗaya, nesa da kasuwa, na fi son yumɓu. Ga mai tafiya a kan keke cikin gargada, mai zaruruwa, don yumɓu da ya faɗi sau ɗaya yana iya tsagewa tsagewar da ido ba ya gani. Ko wanne ka ɗauka, ka karanta lambar maikiron a jikin kwali. Idan ba a rubuta ba, ka ajiye musu kayansu.

Wasu suna ƙara gida na uku na sarrafaffen gawayi, wanda ke cire wari da ɗanɗano da wani ɓangare na maganin feshi. Yana da amfani ga ruwan tur'ar da ta ratsa gonaki, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma idan ya tsufa shi kansa gidan bakteriya ne. In za ka sa shi, tsakanin na farko da na ƙarshe yake zama. Gawayin girki da aka daka bai kai shi ba.

Kowane gida yana da alamar shiga da fita a murfinsa, ka bi su. Tiyon fita ya zama launi dabam da na shiga, ko ka ɗaura masa jan zare, ka yi masa murfi. Bakinsa kada ya taɓa ƙasa, kada ya taɓa bokitin ruwan datti, kada a naɗe shi wuri ɗaya da na shiga. Tiyon shiga kuwa ka ɗaure bakinsa da guntun gidan sauro, ka rataya shi jikin wata 'yar kwalba mai iyo, ya riƙa shan ruwa daga sama, yatsa huɗu ƙasa da fuskar ruwan. Idan ya kusa kai lakar gindi, ka tsaya, ka zubar da sauran.

Da sabuwar matata, ka zubar da jarkar farko, ko ka ba shuka. Wajen bugawa ka sa ido a agogo, ka tsaya tsakanin ba ɗaya da ba biyu. Idan allura ta haura biyu, ka dakata kwalbar iska ta sauke. Matatar ce ke yanke saurin aikin, ba ƙarfin damtsenka ba. Jarka ɗaya ta ɗauke ka minti goma zuwa ashirin ba laifi ba ne.

Mataki na uku da na huɗu: kulorin da randa

Ruwan da ya fito zai yi garau, kuma a nan mutane suke ruɗuwa su kafa kai. A dakata, bairos ba ya canza launin ruwa. Idan kana da ƙwayoyin kulorin irin Aquatabs da ma'aikatan lafiya ke rabawa, ka bi abin da ke rubuce a takardar, domin girmansu ya bambanta. Mai miligiram 67 ana sa ta ne a lita 20 na ruwa mai haske. Idan ruwan bilic na wanki kake da shi, wanda ƙarfinsa ke kashi 5 zuwa 6 cikin 100, marar turare, marar sabulu, ɗigo biyu ne ga kowace lita, wato 40 ga jarka, kusan rabin ƙaramin cokali. Ka rufe, ka girgiza, ka jira minti 30 cif. Idan ka buɗe ya kamata ka ji ɗan ƙanshin kulorin. In ba ka ji ba, ka maimaita awon, ka ƙara jira. Bilic yana rasa ƙarfi a zafinmu, don haka a ajiye shi a inuwa, nesa da yara, kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanki. Wanda ya samu abin gwajin nan mai ƙwayar da ke mayar da ruwa ruwan hoda, abin da ake nema bayan minti 30 shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, a lokacin annoba kuma kada ya gaza 0.5.

Kulorin a ƙarshe ake sa shi, bayan ruwa ya bar na'urar. Idan ka sa shi tun a bokiti, laka za ta cinye wani, gawayi ya shanye sauran.

Ranar da babu kulorin, a tafasa ruwan da aka tace har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In babu itace, a cika kwalaben roba masu haske waɗanda ba su wuce lita 2 ba, a kwantar da su a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana, ko kwana biyu idan akwai hadari.

Sai maganar zir, wato randar ƙasa. Ba na cewa a bar shi, babu abin da ya kai shi sanyaya ruwa. Amma moɗar da kowa ke tsomawa, da hannun yaron da ya fito daga bayan gida, suna rushe aikin awa uku cikin daƙiƙa ɗaya. Ka huda zir ɗin kusa da gindi ka sa masa kan famfo na roba, ka yi masa murfi mai nauyi. In ba haka ba, a bar ruwan sha a jarka mai ƙaramin baki, a riƙa tsiyayawa. Jarkar ruwa mai tsabta ta zama dabam, da alama a jikinta, ba ta zuwa kogi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan aiki ko an wanke ta sau nawa.

Abin da na'urar ba za ta iya ba

Ba ta cire gishiri. Ruwan rijiya mai zartsi ko na teku irin na Bur Sudan yana bukatar wata matata dabam, ruwan teku kuma sai an tura shi da matsin da ya haura ba 50, abin da bututun roba ba zai ɗauka ba. Ba ta cire zaibar da masu haƙar zinariya ke wanke ƙasa da ita, ba ta cire man fetur. Idan ruwa yana ƙyalli kamar bakan gizo a sama, ko yana warin magani, ko yana kusa da wurin wankin zinariya, a nemi wani. Ka fi son ɗiba daga saman gari inda ruwa ke gudu, nesa da mashayar dabbobi da wurin wanki.

Kula da ita

Agogon matsi shi ne likitanka. Idan ka ga matsi na hawa ruwa na raguwa, wani abu ya toshe. Fara da farar matatar, in ta yi ja ka canza ta, shi ya sa yake da kyau a riƙe biyu ko uku a ajiye. Idan ba ita ba ce, mai zaruruwan ce ke son wanki: ka cika babban sirinji da ruwa mai tsabta mai kulorin, ka tura ta bakin fita, ruwan ya koma baya ya fito da dattin, ka maimaita har ya fito da haske. Kyandir na yumɓu kuwa a cire shi da hannu mai tsabta, a goge da soso mai ɗan kaushi cikin ruwa, ba sabulu, bakin fitarsa yana sama don kada ruwan datti ya shiga.

Abin da ya fi toshewa haɗari shi ne akasinsa. Idan wata rana ka ga ruwa na zuba da gudu, mariƙi ya yi sauƙi, allura ba ta hawa, to matata ta fashe ko robar bakinta ta goce. Wani maƙwabcina ya zo yana murna ya ce, "Malam, yau injin ya saki jiki, minti uku na cika jarka." Na ce, "Kawu, kada kowa ya sha, mu buɗe tukuna." Muka kwance gidan, sai ga kyandir ya tsage daga wuya, ashe keken ya faɗi a hanyar hafir. Aka tafasa ruwan ranar, aka sa sabon kyandir da ya samu.

Bayan kowane aiki ka buga famfon babu ruwa sau biyar ko shida don ya fitar da abin da ya kwanta a bututu, ka rufe bakunan tiyo biyu, kowanne a ledarsa. Sau ɗaya a mako ka wanke gidajen matatun da tiyon fita da ruwan kulorin. Matata mai zaruruwa kada a bar ta ta bushe a rana, a bar ta da danshi cikin gidanta a inuwa. Wajen ɗaurawa a keke, katakon a kwance a kan kariyar ɗaukar kaya ta baya, gidajen matatu a naɗe da bargo, kwalbar iska a kwance ta a sa cikin bokiti tare da tiyo. A jakar da ke rataye a hannun keken ka ajiye faifan fiston biyu da ka riga ka yanka, bawul ɗaya, tef, sifana, sirinji, ƙullin 'ya'yan zogale, da kulorin na aƙalla mako biyu.